Tsintsiya da maɗaurinta: shin aiki na iya tafiya ba shugaba?

Hausawa na cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin tsintsiyar da igiyarta ta tsinke ya san gaskiyar maganar: tsinkayen suna nan cif, ba ko ɗaya da ya ɓace, amma ko bakin ƙofa ba su iya sharewa. Idan aka tambayi yawancinmu mene ne maɗaurin a wurin aiki, amsar da za ta fara zuwa baki ita ce shugaba. Shi ke raba aiki, shi ke duba abin da aka yi, shi ke yabo, shi ke tsawatawa. A ganinmu, ranar da ya ɗaga ƙafa, ranar ce tsinkaye za su watse.

Sai ga shi akwai wata sana'a ta zamani da ta daɗe tana gwada akasin haka. Masu rubuta manhaja, a Amurka da Turai da Asiya, sun yi fiye da shekara ashirin suna kafa ƙananan rukunonin ma'aikata waɗanda ake ce musu su tafiyar da kansu da kansu: su raba aikinsu, su tsara lokacinsu, su gyara kurensu, ba tare da wani na tsaye a kansu ba. Wasu sun ci nasara, wasu sun sha wuya. Abin da ya sa na ga ya dace mu tsaya kan wannan gwaji shi ne tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce, ta girmi na'ura nesa ba kusa ba: in an ɗauke shugaba, ina iko yake komawa, kuma wa ke ɗaukar laifi ranar da aiki ya ɓaci?

Aikin da ido ba ya gani

Manhaja, wadda masu Faransanci ke kira lojisiyel, ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa don ta san abin da za ta yi. Da ita wayar hannu ke aika saƙo, da ita banki ke lissafin ajiyar mutane, da ita jirgin sama ke daidaita tafiyarsa. Rubuta ta aiki ne mai wuyar aunawa. Magini in ya ɗora tubali ɗari, mai gida na iya zuwa da marece ya ƙirga. Marubucin manhaja kuwa yana iya wuni zaune shiru, bai rubuta komai ba, alhali ranar ce ya gano inda matsalar take. Wani ya rubuta layi dubu ya ƙara wa aikin nauyi, wani ya goge layi ɗari biyu ya sauƙaƙa shi. Shugaban da ke leƙe ta bayan kafaɗa ba ya iya bambance su, domin sau da yawa ma'aikacin ya fi shi sanin abin da ke gabansa.

Wani Ba'amurke mai suna Fred Brooks, wanda ya jagoranci rubuta babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya fitar da littafi a 1975 yana bayyana darasin da ya koya da zufa. Ya nuna cewa idan aikin manhaja ya makara, ƙara masa ma'aikata na ƙara masa makara. Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi. Mutum biyar da ke aiki tare suna da hanyoyin magana 10 tsakaninsu. Mutum goma suna da 45. Mutum hamsin suna da 1225. Kowane sabon hannu sai an koya masa, sai an saurare shi, sai an daidaita aikinsa da na sauran. Daga nan aka fara gane cewa a wannan sana'a ƙaramin rukuni da ya san juna ya fi taron da ake kaɗawa da sanda.

Daga ramin kwal zuwa duwatsun Yuta

Tunanin bai fara a ɗakin na'ura ba. A 1951 wasu masu bincike biyu a Ingila, Eric Trist da Ken Bamforth, suka buga nazarinsu kan masu haƙar kwal, wato gawayin ƙasa. Bamforth kansa tsohon mahaƙi ne. A da, mahaƙan na shiga rami cikin ƙananan ƙungiyoyi da suka zaɓi juna, kowa ya iya aikin kowa. Da aka kawo injuna aka tsinka aikin gunduwa-gunduwa, aka ba kowa yanki guda ƙarƙashin mai duba, sai rashin zuwa aiki da rashin jituwa suka yawaita, amfanin da ake jira daga injunan kuma bai cika ba.

A 1986 wasu malaman jami'a biyu ƴan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka nazarci yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke ƙirƙiro sababbin kaya. Suka kwatanta tsohuwar hanya da gudun miƙa sanda, inda kowane sashe ke gama nasa ya miƙa wa na gaba, sabuwar kuwa da wasan rugbi, inda ƴan wasa ke tafiya gaba tare suna miƙa wa juna ƙwallo. Daga wannan kwatanci ne Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka ɗauko sunan tsarinsu, Scrum, wanda suka gabatar a 1995. Sannan a watan Fabrairu na 2001 mutum 17 daga cikin masanan sana'ar suka haɗu a Snowbird, cikin duwatsun jihar Yuta ta Amurka, suka rubuta gajeriyar sanarwa da aka sani da sunan Agile, kalmar da ke nufin zafin nama. Ɗaya daga cikin ƙa'idojinta 12 na nuna cewa tsarin manhaja mafi inganci yana fitowa ne daga rukunin da ke shirya kansa.

A aikace ga yadda abin yake. Rukuni ba ya cika wuce mutum goma. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Kowace rana ana haɗuwa minti 15 don a ga inda aka kwana. Mutum ɗaya ke jera buƙatu bisa muhimmancinsu, amma wa zai yi me, yaushe, kuma ta wace hanya, wannan rukunin ne ke yankewa. A ƙarshen zango a nuna abin da aka gama, a kuma zauna a tattauna abin da ya tafi daidai da abin da ya karkace.

Abin da ke jan hankali

Kafin a shiga suka, ya kamata a ba wannan tunani haƙƙinsa. Akwai mutunci a cikinsa. Babban mutum, mai iyali, wanda ya yi shekaru yana koyon sana'arsa, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa: mun yarda ka san aikinka, yanke da kanka. Wanda ake bi da ido kullum yana koyon abu guda, wato yadda zai gamsar da idon. Wanda aka damƙa wa amana yana da damar koyon gamsar da aikin kansa. Jean-Jacques Rousseau, a littafinsa na 1762 kan yarjejeniyar zaman jama'a, ya kai ga cewa ƴanci na gaske shi ne mutum ya bi dokar da shi da kansa ya sa hannu wajen kafawa. Rukunin da ke tafiyar da kansa ƙaramin gwaji ne na wannan ra'ayi a cikin ɗakin aiki.

Akwai kuma hikima ta zahiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda hannunsa ke cikin manhajar shi ke fara ganin inda za ta fashe, kuma in sai ya jira izini ya hau bene uku ya sauko, kafin ya iso ɓarnar ta riga ta auku. Saboda haka ba na cikin masu ganin wannan tsari mafarki ne na ƴan boko. Sai dai yana da ramuka uku da masu tallarsa ba su cika ambata ba.

Sarkin da ba rawani

Ramin farko shi ne iko ba ya mutuwa don an goge sunansa daga takarda. Kamfanin Valve na Amurka, mai yin wasannin na'ura, ya shahara da rashin shugabanni. Littafin da yake ba sababbin ma'aikata, wanda ya bazu a duniya a 2012, ya bayyana cewa teburan aiki na da tayoyi, don kowa ya tura nasa zuwa aikin da ya ga ya fi amfani. Abokan aiki ne ke auna juna, kuma wannan awo na shafar albashi. A 2013 wata injiniya mai suna Jeri Ellsworth, bayan an sallame ta, ta faɗa a fili cewa akwai wani ɓoyayyen rukunin masu ƙarfi a cikin kamfanin, har ta kwatanta zaman da na makarantar sakandare, inda akwai ƴan gaban goshi akwai kuma ƴan rakiya. Shaidar mutum ɗaya ce, kuma wadda aka sallama, don haka a ɗauke ta da awo. Amma abin da ta bayyana an riga an hango shi tun da daɗewa.

A 1970 wata ƴar gwagwarmayar haƙƙin mata a Amurka, Jo Freeman, ta yi jawabi kan ƙungiyoyin da ke alfahari da cewa ba su da shugaba ba su da tsari, aka buga shi a 1972. Ta lura cewa duk taron mutane da ya daɗe yana aiki tare sai ya yi tsari, ko an so ko ba a so ba. In ba a rubuta shi ba, zai kafu ta hanyar abota: waɗanda suka saba da juna, suke magana kafin taro da bayan taro, su ne za su riƙa yanke shawara. Kuma tun da a bakin kowa ba shugaba, ba wanda za a tuhuma, ba wanda za a tsige.

Nan ne batun ya zama na adalci. Shugaba mai rawani ana iya kai masa kuka, ana iya kai ƙararsa gaba, ana iya cewa ga iyakar hurumin da aka ba ka. Sarkin da ba rawani kuwa, in ka ce ya zalunce ka, sai ya buɗe hannu ya ce ai mu duka ɗaya ne. Masu shan kashi a irin wannan zama su ne sabon shiga, da mai kunya, da baƙon da harshen aikin ba nasa ba ne, da macen da take ita kaɗai cikin maza.

Idon tsara

Rami na biyu ya fi ban mamaki. Muna zaton in shugaba ya tafi, matsi ya tafi. Wani mai bincike, James Barker, ya bi wata ƙaramar masana'antar kayan lantarki a Amurka wadda ta koma tsarin rukunoni masu tafiyar da kansu, ya buga sakamakonsa a 1993. Da farko ma'aikatan sun amince da wasu manufofi na gari, kamar cika alkawarin mai saye da taimakon juna. Sannu a hankali manufofin suka zama al'ada, al'adar ta zama doka rubutacciya, har ta kai ga ana lissafin makarar kowa ana tuhumarsa gaban ƴan uwansa. Wasu ma'aikatan suka shaida masa cewa yanzu sun fi jin ido a kansu fiye da zamanin mai duba. Dalilin a fili yake: shugaba ɗaya ne, yana fita, yana mantuwa, wani lokaci yana kau da kai. Tsara tara kuwa ba su fita gaba ɗaya.

Wannan na faruwa a rukunonin manhaja ma. Haɗuwar minti 15 da aka shirya don taimakon juna tana iya rikiɗewa ta zama kotun kowace safiya, inda kowa ke kare kansa. Allon da ake liƙa ayyuka don kowa ya ga inda aka tsaya yana iya zama allon tallar wanda ya yi jinkiri. Mai jinyar uwa ko mai goyon ciki, wanda shugaba mai tausayi zai iya sassauta wa a asirce, yanzu sai ya bayyana uzurinsa ga mutum tara. Kuma wanda doka ta matsa masa ba ya da bakin kuka, domin za a tuna masa cewa da shi aka kafa ta. Rousseau bai yi ƙarya ba, amma dokar da muka kafa da hannunmu tana iya fin ta sarki tsanani, domin ba ta da fuskar da za a roƙa.

A nan ma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Raba aiki, sasanta rikici, gaya wa abokin aiki cewa aikinsa bai yi ba, duk wannan nauyi ne da a da ake biyan shugaba don ya ɗauka. In an sauke shi a kan ma'aikata ba tare da an ƙara musu albashi ko an rage musu wani aiki ba, kamfani ya yi tsimi ne ya kira shi ƴanci. Kuma akwai ma'aikaci nagari wanda abin da yake so shi ne ya yi aikinsa da kyau ya koma gida. Bai yi laifi ba don bai son zama alƙalin ƴan uwansa.

Laifin kowa

Rami na uku shi ne na alhaki. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45. An sabunta manhajarsa a kan manyan na'urori bakwai, aka tsallake ta takwas, ba kuma wani mutum na biyu da aka ɗora wa duba aikin. Binciken hukumar da ke sa ido kan kasuwar ya nuna cewa kafin a buɗe kasuwa da safe, na'urar ta aika saƙonni 97 masu nuna akwai matsala zuwa ga wani gungun ma'aikata, ba wanda ya ɗauki mataki. Ba don rashin shugabanni kamfanin ya faɗa wannan rami ba, yana da su. Darasin da ke ciki ga rukuni mai tafiyar da kansa shi ne gargaɗin da aka aika wa kowa, ba wanda aka aika wa. Kowa na iya zaton wani ya gani. In rukuni ya ce komai namu ne gaba ɗaya, bai kuma rubuta sunan mai tsaron ƙofa na wannan mako ba, to ƙofar a buɗe za ta kwana.

Akwai kuma wata fuskar, wadda ta fi muni. A 2015 aka gano cewa kamfanin motoci na Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwajin hayaƙi, ta rage gurɓatawa a lokacin kaɗai. A watan Oktoba na shekarar, shugaban reshen kamfanin na Amurka, Michael Horn, ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa aikin wasu injiniyoyin manhaja ƙalilan ne. A 2017 aka yanke wa injiniya James Liang ɗaurin wata 40, kuma shari'o'in da suka biyo baya sun kai ga manyan jami'an kamfanin. Shi ma Volkswagen kamfani ne mai matakan shugabanci, amma ya nuna wata ɗabi'a da tsarin ƴancin rukuni ke iya sauƙaƙawa: na sama ya kafa burin da ba ya yiwuwa ta hanyar gaskiya, ya ce ku san yadda za ku yi, ranar tonon asiri kuma ya ce ban san komai ba. Injiniyan ba ya kuɓuta da cewa an sa ni. Amma wanda ya kafa burin shi ma ba ya kuɓuta da cewa ban duba ba.

To, ina aikin shugaba?

Mai karatu na iya cewa: in haka ne, a koma gidan jiya, a mai da mai duba bisa kujerarsa. Ban ga haka ba, domin dalilan da suka sa aka bar gidan jiya suna nan ba su gushe ba. Sanin aiki na hannun masu yin sa, kuma tsoron mai duba na koya wa mutane ɓoye kure. Abin da gwaje-gwajen nan suka nuna shi ne aikin shugaba ya sake kama, ya kuma ƙara wuya.

Kamfanin Google ya gwada cire shugabannin injiniyoyi a 2002. Gwajin bai wuce ƴan watanni ba, domin mutane sun koma suna kai wa Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ƙananan matsaloli irin na takardun kashe kuɗi da saɓani tsakanin abokan aiki. Bayan wasu shekaru kamfanin ya binciki halayen shugabannin da rukunoninsu suka fi jin daɗi da ƙwazo. Cikin halaye takwas da aka jera, iya horarwa ne ya zo farko, sai sakin mara ga ma'aikata, ƙwarewar fasaha kuwa ta zo ƙarshe. Wani binciken da aka fara a 2012 kan rukunoni 180 ya gano cewa abin da ya fi bambanta rukuni mai nasara shi ne ko mutum na iya tambaya, ko ya ce na yi kure, ba tare da tsoron a wulaƙanta shi ba. Malama Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta riga ta ci karo da wannan a asibitoci cikin shekarun 1990: rukunonin da suka fi kyakkyawan jagoranci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai, saboda sun fi sakin jiki su faɗa.

Daga nan ana iya zana aikin shugaban rukuni mai tafiyar da kansa. Shi ke faɗin inda aka dosa, ya kuma tabbata burin mai yiwuwa ne ta hanyar halal. Shi ke shata iyaka a fili: wannan ku yanke, wannan ku shawarce ni, wannan nawa ne. Mafi yawan rikicin waɗannan rukunoni daga iyakar da ba a shata ba yake tasowa, inda aka ce wa mutane kuna da ƴanci, ranar da suka yi amfani da shi kuma aka soke shawararsu. Sau ɗaya aka yi musu haka, sun gane wasan, za su koma jiran umarni suna murmushi. Shi ke lura da wanda ba ya magana a taro, ya nemi jin ta bakinsa. Shi ke ɗaukar aikin da bai kamata a ɗora wa tsara ba, kamar sallamar wanda ya kasa ko rufa asirin mai uzuri.

Mafi wuya duka shi ne kame hannu. Yawancin shugabannin wannan sana'a tsofaffin gwanaye ne, an ɗaga su ne don sun fi kowa iya warware matsala. Yanzu ana buƙatar irin wannan mutum ya ga rukuninsa ya ɗauki hanyar da shi ba zai ɗauka ba, ya yi shiru in kuren mai gyaruwa ne, ya tsoma baki in ba mai gyaruwa ba ne, kuma ya san bambancin biyun. In aikin ya yi kyau, yabon na rukuni ne. In ya ɓaci, shi zai tsaya gaban na sama ya ce ni ne. Hausawa sun ce babba juji ne. Tsarin nan ya ɗauke wa babba sandarsa ya bar masa jujin, shi ya sa masu son sarauta don sanda ba su daɗewa a cikinsa.

Maɗaurin

Akwai misali guda da ke nuna yadda jama'a ke iya fita daga hannun mutum ɗaya ba tare da faɗawa hannun sarkin da ba rawani ba. Python harshe ne na rubuta manhaja, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, kuma masu sa kai daga ƙasashe da yawa ke raya shi. Shekara da shekaru kalmar ƙarshe tasa ce. A watan Yuli na 2018, bayan wata zazzafar muhawara, ya sauka, bai kuma naɗa magaji ba. Masu aikin ba su ce shi ke nan mu duka ɗaya ne ba. Sun yi watanni suna tattauna tsare-tsare dabam-dabam a rubuce, suka jefa ƙuri'a, suka kafa majalisar mutum biyar da ake zaɓa lokaci-lokaci, wadda ta fara aiki a 2019. An san sunayensu, an rubuta hurumin da aka ba su, an san ranar da za a sake zaɓe.

A ganina amsar tambayarmu ke nan. Aiki na iya tafiya ba tare da mai tsayawa bisa kan mutane ba, amma ba ya tafiya ba tare da iko ba, kuma ikon da ya halatta shi ne wanda ke da suna, da iyaka, da ranar hisabi. Maɗaurin tsintsiya na iya zama mutum, yana iya zama yarjejeniya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ce babu shi. In ka ga tsintsiya na shara, an kuma rantse maka ba a ɗaure take ba, to duba da kyau, akwai hannun da ke riƙe da ita.

Wannan ba ya tsaya ga masu na'ura. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suna cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko kwamitin malamai, ko ƙungiyar raya al'adu, inda ake alfahari da cewa mu ba mu da babba ba mu da yaro. Yana da kyau kowace irin wannan ƙungiya ta yi wa kanta tambayoyin da rukunonin manhaja suka koya da asara. A ina aka yanke shawarar ƙarshe da muka zartar, a zauren taro ko a fada wajen shan shayi, kwana biyu kafin taron? Wane ne bai ce uffan ba cikin zama uku da suka wuce, kuma wa ya tambaye shi dalili? In kuɗin asusu suka yi giɓi gobe, sunan wa ke rubuce a matsayin mai duba su? Ƙungiyar da ta iya amsa waɗannan ba tare da kallon ƙasa ba, ta cancanci ta ce tana tafiyar da kanta. Wadda ta kasa kuwa, gara ta zauna tun yau, ta fito da maɗaurinta fili, ta rubuta shi.